Mun koma Git, littafin jagora ya tsaya a Subversion

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, ya iyali, ya zafi. Ni ma'aikaciya ce a wani ƙaramin kamfani nan cikin garin Sakkwato. Muna rubuta manhajar da makarantu masu zaman kansu ke karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarabawa da ita. Mu shida ne, sai ɗaliban da ke zuwa koyon aiki daga jami'a da foli. Tun kafin in zo, kod ɗinmu, wato rubutun da ake gina manhajar da shi, a Subversion yake, tsarin da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa kod, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar ofis. Ni na matsa wa Oga har ya yarda muka koma Git, wani tsarin adana tarihin kod dabam, muna ajiyewa a GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, ni kuma na kwashe tarihin.

Damuwata littafin jagorarmu ne. Babbanmu a wajen aiki, wanda duk muke kira Malam, shi ya rubuta shi shekara da shekaru, ya fi shafi tamanin a Word, kuma da Subversion aka gina shi. Da na ce a gyara sai ya ce, "Abin da munka saba da shi bai taɓa cin amanarmu ba. Ku da kunka kawo sabo, ku rubuta naku, ku bar min nau."

Ana cikin haka wani ɗalibi ya bi littafin, inda aka ce duk wanda ya gama aiki ya yi commit, wato ya adana gyaransa a tarihi, kafin ya tashi, aikinsa ya tsira ke nan. Haka ya yi ta yi kusan mako biyu. Ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi laftof ɗinsa ya mutu, muka duba GitHub babu komai nasa. Yanzu kowa ni yake kallo. Oga ya ce in gyara takardun idan na samu sarari, sarari kuwa babu. Malam ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ina da kwafin littafin a filash. In zauna da dare in sake shi gaba ɗaya in ajiye musu a tebur, ko in ce a koma Subversion kowa ya huta? Wallahi har na fara tunanin barin aikin.

Ɗiyarka daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanyaya miki. Cikin abu ukun da kika ambata babu wanda zan ce ki yi, amma kafin mu je can, a fara da laftof ɗin yaron.

Kada a jefar da shi, kada kuma a bar shi wajen mai gyara a juya baya, don kafin a dawo ya sa masa sabon Windows ya share komai. Wutar da ta zo da ƙarfi sau da yawa caja take kashewa ko allon cikin na'urar, ta bar faifan ajiya da ransa. A tsaya a kan mai gyara ya ciro faifan, a sa shi a ɗan gidan nan da ake jonawa ta USB, a buɗe a wata kwamfutar. Cikin foldar aikin akwai ɓoyayyiyar folda mai suna .git, kuma duk commit ɗin da yaron ya yi suna cikinta, kowanne da ranarsa da bayaninsa. A kwafo foldar aikin gaba ɗayanta, a yi git push daga can, wato a tura aikin zuwa GitHub. Idan laftof ɗin irin wanda aka manne ma'ajiyarsa da allo ne, aikin zai fi wuya, amma a gwada tukuna kafin a yi masa ta'aziyya.

To, sai magana mai ɗaci. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka rubuta ya bi. Malam ma bai rubuta ƙarya ba, ranar da ya rubuta jimlar nan gaskiya ce tsantsa. Abin da ke ƙarƙashin jimlar ne aka canza aka bar ta a tsaye, kuma ke kika canza shi. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi ba. Na faɗa ne don idan kika shiga ofis da tunanin cewa littafin Malam ne ya jawo asara, fuskarki za ta nuna, shi kuma zai gani. Ƙaurar da kika fara ce ba ta ƙare ba: kin kwashe kod, saura umarnin da mutane ke bi.

Yana da kyau ki iya yi wa kowa a ofis bayanin abin da ya faru cikin minti biyu. Subversion, wanda kamfanin CollabNet ya fara a 2000, an gina shi ne a kan ma'ajiya guda ɗaya a tsakiya. Tarihin yana kan saba, wato kwamfutar tsakiya da kowa ke jonuwa da ita, kuma duk commit tafiya yake yi zuwa can. Idan babu hanyar kai wa ga sabar, ba zai yiwu ba sam. Git kuwa Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta, inda masu aiki ke warwatse a duniya, sai ya ba kowace kwamfuta cikakken tarihi nata na kanta. Commit a Git rubutu ne a cikin littafin da ke hannunka, bai je ko'ina ba sai ka yi push. A garinmu wannan alheri ne babba. Mutum zai zauna a gida a Arkilla ba data, ba netwok, ya yi aikinsa yana adana tarihi, gobe ya zo ofis ya tura. Amma alherin nan shi ne ya ci yaron, domin babu abin da ya yi masa gargaɗi. Ya danna, ya ga an karɓa, ya rufe ya hau kabu-kabu ya tafi gida da kwanciyar hankali. Idan kuma TortoiseGit kuka sa a madadin TortoiseSVN, wato manhajojin da ake danna waɗannan umarni da su a Windows, to tagogin ma kusan kama ɗaya suke, ko hotunan da ke cikin littafin ba za su tayar masa da hankali ba.

Abin da nake so ki riƙe ke nan wajen gyaran. Layukan da suka daina aiki gaba ɗaya ba su ne abin tsoro ba. Wanda ya rubuta umarnin Subversion na svn update a foldar Git, kwamfuta za ta ƙi, ya taso ya tambaya, an wuce wurin. Abin tsoro shi ne layin da har yanzu yake aiki lafiya lau amma yake yin wani abu dabam. Saboda haka kada ki kuskura ki sa Word ya bi ya maye kowane svn da git. Yin haka zai mayar da layukan da ke ihu su koma masu shiru. Commit kin riga kin ga nasa. Revert ma haka: a Subversion yana zubar da gyaran da ba ka tura ba ya maido fayil yadda yake, a Git kuwa sabon commit yake ƙirƙira wanda ke warware wani tsohon commit, kuma wanda ke yin aikin na da shi ne git restore, da aka ƙaro a 2019. Checkout a Subversion ɗauko aikin ne daga saba karon farko, wanda a Git clone ne. Git checkout kuwa reshe yake canzawa, wato layin aikin da kake kai, idan kuma aka ba shi sunan fayil ya take gyaran da ke ciki ba tare da ya tambaya ba. Sai add, umarnin shigar da fayil cikin commit, wanda ya fi kowanne yaudara. A Subversion sau ɗaya ake yi wa fayil, daga nan duk gyaransa yana bin commit. A Git duk lokacin da aka taɓa fayil sai an sake yi masa add, in ba haka ba commit ya tafi ya bar shi, mutum ya tura rabin aiki yana zaton duka ne.

Ga yadda zan sake jimlar da ta jawo asarar. Ta Malam ta ce: idan ka gama aiki ka yi commit kafin ka tashi. Sabuwar ta ce: "Kafin ka tashi, ka yi git add, ka yi git commit, sannan ka yi git push. Commit a kwamfutarka kaɗai yake tsayawa. Bayan push ka rubuta git status. Idan ya ce reshenka yana gaban na saba, aikinka bai tafi ba. Idan babu netwok, ka gaya wa babbanka kafin ka fita cewa akwai aikin da bai tafi ba." Kin ga ta fi ta da tsawo. Haka za ki yi ta gani, kuma kada tsawon ya dame ki. Mai karantawa yaro ne da bai taɓa ganin abin ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya sau biyu ba.

Gobe da safe, tun ba a taɓa shafi ko ɗaya ba, abu biyu za ki yi, kuma ba sa buƙatar yardar kowa sai Oga. Ki rufe tsohuwar ma'ajiyar daga karɓar sabon aiki. A cikin foldar hooks ta ma'ajiyar Subversion ana sa ɗan rubutu mai suna pre-commit wanda zai ƙi duk abin da aka turo ya kuma nuna wa mai turowa saƙo. Ki rubuta saƙon da Hausa ma idan kin so, ki sa sabon adireshin a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin muddin kwamfutar kusurwa tana karɓa, wata rana za ku tarar wani yana ta tura gyara can, tarihi ya rabu biyu, kuma haɗa shi ya fi ƙaurar farko wahala. Ba na cewa Malam ne zai yi. Ina dai cewa a rufe. Na biyu, takarda shafi ɗaya tak, a manna a bango, a kafa a zauren WhatsApp na ofis, a sa a fayil ɗin README: daga rana kaza mun koma Git, ga adireshi, ga umarnin aikin yau da kullum, duk inda littafin jagora ya ambaci Subversion kada a bi sai an tambaya. Ɗan kasuwar da ya tashi daga shagonsa a Tsohuwar Kasuwa ba ya jira sai ya gama shirya sabon wuri. Kwali yake samu ya rubuta "mun koma layi kaza" ya rataye a tsohuwar ƙofa ran da ya tashi. Wannan shafin bai taɓa littafin Malam ba, don haka babu abin faɗa a kai.

Daga nan sai lambobi, inda na ga mutane da yawa sun yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Subversion yana ba kowane gyara lamba a jere: r1481, r1482, r1483. Ana iya faɗinta a waya, ana iya gane wadda ta riga wata. Git kuwa kowane commit sunansa jerin haruffa da lambobi 40 ne da ba su da gaba ba su da baya. Ina da tabbacin lambobin r suna ko'ina a takardunku: a bayanin abin da aka gyara, a wasiƙun da kuka aika wa makarantu, a cikin kod inda wani ya rubuta "an gyara wannan a r900". Kada ki taɓa su. Tarihi ne, kuma wanda ya bi yana canza su zai yi kuskure a wasu, daga nan ba mai sake yarda da sauran. Abin da ake buƙata hanya ce daga tsohuwar lamba zuwa sabon suna. Idan da git svn, umarnin kwaso tarihi daga Subversion, kika yi ƙaurar kuma ba ki hana shi ba, ya bar layi mai farawa da git-svn-id a ƙarshen bayanin kowane commit, ɗauke da tsohuwar lambar, kuma git log --grep zai nemo ta. Ki rubuta yadda ake neman a sakin layi ɗaya cikin littafin, da misali na gaske daga aikinku. Idan kuwa kin cire waɗannan layukan don tarihi ya yi kyan gani, to taswirar da ke haɗa tsohuwar lamba da sabon suna tana cikin .git/svn na kwamfutar da kika yi ƙaurar a kanta. Ki fitar da ita zuwa fayil ki sa a ma'ajiya tun wannan kwamfutar ma ba ta gamu da tata wutar ba. Manyan ayyukan manhaja na duniya haka suka yi. LLVM da ya koma Git a 2019 ya bar layin llvm-svn a tsofaffin commit, GCC da ya koma a Janairun 2020 ya bar layin From-SVN, har ma mutanen GCC suka ƙirƙiro wa kansu wata gajeruwar lamba mai jeri saboda sun ga aiki ba zai tafi ba sai da ita. Kewar lambar da Malam zai yi ba ƙauyanci ba ne.

Ku ma za ku buƙaci irinta. Ki ɗauka akawun wata makaranta ya bugo daga Bodinga ko Illela yana cewa rasit yana fitowa ba daidai ba. Tambayar farko ita ce, wace lamba ce a ƙasan allo? Da zai ce 1482, a gane nan take wane siga ne a wurinsa. Yanzu ki duba ƙasan allon manhajar da kuka fitar bayan ƙaura. Idan da svnversion ko alamar $Revision$ ake cika wurin, to ko dai babu komai, ko kuma wata tsohuwar lamba ce ta daskare tana yi wa kowa ƙarya, domin Git ba ya cika waɗannan alamomin. Maganin shi ne duk sigar da za ta fita zuwa makaranta a lanƙaya mata tag, wato laƙabi, kamar v3.1, a sa git describe ya riƙa cika ƙasan allon. A rubuta a littafi wanda ke da ikon sa tag da lokacin da ake sawa, kuma a rubuta cewa git push shi kaɗai ba ya tura tag sai an ce masa.

Sauran ƙananan ki bi su da sauri: svn:ignore, jerin fayilolin da ba a adanawa, ya koma fayil ɗin .gitignore, trunk, babban reshen aiki, ya koma main ko master gwargwadon abin da kuka zaɓa, a faɗi wanne. Foldar da babu komai ciki Git ba ya ɗaukarta, don haka idan manhajar tana jiran foldar hotunan ɗalibai sai a sa ɗan fayil a ciki. Shiga GitHub daga layin umarni ba a yi da faswod tun Agustan 2021, sai da mabuɗin SSH ko token, wato makullan sirri da ke maye gurbin faswod, a nuna yadda ake yi. Ki sa git grep ya nemo miki svn, da trunk, da adireshin tsohuwar kwamfutar a duk cikin ma'ajiya.

Biyu ne ba ƙanana ba. Na farko rubutun da ke ɗaukar kwafin ajiya. Ki buɗe shi da idonki ki ga me yake kwafa. Zai iya yiwuwa har yau tsohuwar ma'ajiyar da ba mai taɓawa yake kwafewa kowane dare, kowa yana barci da tunanin akwai ajiya. Na biyu sirri. A Subversion ana iya hana ɗalibi ganin wata folda a bar masa wata. A Git wanda ya yi clone ya ɗauki komai, har da abin da aka goge shekara biyar baya. Idan an taɓa sa faswod ɗin rumbun bayanan wata makaranta a cikin kod, ko kwafin sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu don gwaji, to yanzu yana cikin jakar kowane ɗalibin da ya zo koyon aiki, har da laftof ɗin da za a kai wa mai gyara. A canza faswod ɗin duka, a tabbata ma'ajiyar GitHub a rufe take ba a buɗe wa duniya ba, a fitar da bayanan yara daga tarihin. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma ko babu ita, amana ce iyaye suka ba makaranta, makaranta ta ba ku. Wannan ki kai wa Oga shi kaɗai, a yau.

Yanzu Malam. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ya yi shekaru shi ake tambaya, shi ya san kowace kusurwa, sai rana ɗaya ya wayi gari a gaban yaran da ya koyar yana neman yadda ake abu mafi sauƙi, kuma wadda zai tambaya ƙanwar bayansa ce. Ba lallai ya faɗa ba, amma na fi zaton ciwon ke nan, littafin kuwa shi ne abu na ƙarshe da ya rage a hannunsa. Idan kika sake shi da dare kika ajiye a tebur, kin gaya masa a gaban kowa cewa wannan ma ba a buƙatarsa. Kuma za ki yi asara ta gaske, ba ta zumunci kaɗai ba. Cikin shafi tamanin ɗin nan, ina kyautata zaton wanda ya shafi Subversion kai tsaye bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran dalilai ne: me ya sa ba a sa sabon siga a makon fitar da sakamako, me ya sa ake lissafin matsakaicin maki ta wata hanya a wata makaranta, me ake yi wa Islamiyyar da zangonta bai zo ɗaya da na boko ba. Kowanne daga cikinsu akwai ranar da aka sha wuya kafin a rubuta shi, kuma ke ba kya nan a ranar. Mai rubutun dare, a gajiye, cikin fushi, irin waɗannan yake zubarwa yana cewa surutu ne.

Kafin ki je wajensa ki duba wani abu. Ki rubuta git shortlog -se, wanda ke jera sunan kowa da imel ɗinsa da yawan commit ɗinsa, ki ga yadda sunansa ya fito. Idan kin yi ƙaurar ba tare da fayil ɗin sunayen marubuta ba, to aikinsa na shekaru yana ɗauke da wani guntun suna haɗe da dogon jerin haruffa marasa ma'ana, bai haɗu da asusunsa ba. Wataƙila ya gani ya yi shiru. Fayil mai suna .mailmap yana gyara yadda sunan ke fitowa a git log da git shortlog ba tare da an sake rubuta tarihi ba. Ki gyara, ki nuna masa lambar da ta fito gaban sunansa, wadda na san ta fi ta kowa nesa ba kusa ba.

Ki same shi lokacin da yaran ba sa kusa, bayan La'asar ko da safe kafin a cika, ba a zauren WhatsApp ba. Ki gaishe shi yadda ya kamata ko da bai amsa da kyau ba. Ki je da shafi uku ko huɗu da kika buga a takarda, da biro. Ki ce, "Malam, na yi gaggawa, na kwashe kod ban zo na tambaye ka abin da ke cikin littafin ba. Ga wuraren da ka ce a yi kaza, ban san dalili ba, ina tsoron in taɓa in ɓata. Don Allah ka ja mini layi ƙarƙashin abin da bai kamata ya canza ba." Ki miƙa masa biron ki yi shiru. Rabon aikin da za ki nema shi ne ke ki canza umarni, shi ya tsare dalilai, kuma babu shafin da zai shiga sai ya duba ya amince. Idan ya ce Subversion ya fi a wasu wurare, kada ki yi musu, domin yana da gaskiya. Kulle fayil da svn lock don kada mutum biyu su taɓa shi lokaci guda abu ne mai amfani ga hotuna da fayilolin Word da Excel, waɗanda Git ba ya iya haɗa gyaran mutum biyu a cikinsu. Subversion bai mutu ba, gidauniyar Apache tana kula da shi har yau.

Wannan maganar ce ma za ta kai ku ga inda littafin ya kamata ya zauna. Muddin fayil ɗin Word ne a laftof ɗin mutum ɗaya da filash ɗin wasu, za a yi ta samun kwafi biyar ba a san na gaskiya ba. Gara ya koma rubutu zalla irin na Markdown, a cikin ma'ajiya ɗaya da kod, a raba shi babi-babi. Manhajar Pandoc tana juya Word zuwa Markdown, sai a bi a gyara tebur da hotuna da hannu. Amma kada ki fara da wannan maganar, sai ya saki jiki. Idan lokacin ya yi, a shigar da littafin yadda yake ba a canza ko harafi ba, kuma shi ya zauna ya yi wannan commit ɗin da hannunsa, da sunansa. Gyaranki ya biyo baya. Ta haka git blame zai nuna sunansa a kan kowane layin da ya rubuta, naki a kan wanda kika taɓa, tsohon rubutun kuma yana nan duk ranar da aka neme shi. Ki ajiye na Word ɗin ma a gefe da kwanan wata a kansa.

Idan duk da haka ya ƙi, kada ki zagaya ta bayansa. Ki rubuta sabon babin aikin yau da kullum dabam, kamar yadda shi da bakinsa ya ce, ki nuna masa kafin kowa, ki bar Oga ya yanke wanda ɗalibai za su bi. Wannan hukuncin na mai kamfani ne, ba naki ba.

Shi ma Oga akwai magana tsakaninku. "Idan kin samu sarari" ba umarni ba ne, hanyar zame wuya ce, kuma idan kika yi aikin da daddare kyauta, kin koya masa cewa takardu abu ne da ke yin kansu. Ki je masa da lissafi: aikin mako biyu na ɗalibi ya kusa tafiya, ga batun ajiya, ga batun faswod. Ki nemi a ware miki kwanaki cikin lokacin aiki, a rubuce, tare da wasu awanni na Malam, a sa su a tsakiyar zango lokacin da makarantu ba sa buga waya, ba farkon zango da ake karɓar kuɗi ba, ba ƙarshensa da ake fitar da sakamako ba. Ki nemi ƙa'ida ɗaya kuma: duk gyaran da ya canza yadda ake aiki, gyaran takardarsa ya tafi tare da shi a commit ɗaya.

Da kin gama babin farko, ki ba yaron nan da abin ya shafa. A ba shi kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba, ya bi rubutun daga layin farko har ya tura gyara ɗaya. Ki zauna gefensa ki kama bakinki, duk yadda ya ci ki. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, ki sa alama. Rubutun ne bai cika ba. Wannan zai kuma cire masa kunyar da yake ciki, don yanzu na san shi ma da ƙyar yake shiga ofis.

Komawa Subversion kuwa, ki cire shi daga ranki. Za ku sake wata ƙaurar, ku bar tarihin watannin nan a rataye, ɗaliban da ke zuwa kuma Git za su tarar duk inda suka je neman aiki. GitHub ma ya daina karɓar Subversion tun Janairun 2024. Kuma kada ki ga kamar ku kaɗai abin ya ja wa lokaci. FreeBSD, wani babban tsarin gudanar da kwamfuta, bai tashi rana ɗaya ba: ma'ajiyar takardunsa ya fara kaiwa Git a Disambar 2020, kod ya biyo baya cikin watan, sashen ports, na manhajojin da ake ƙara masa, sai Afrilun 2021.

Ita tsohuwar kwamfutar kusurwa, a bar ta a kunne ana karantawa kawai har zango ɗaya ya cika, a ga an karɓi kuɗi an fitar da sakamako ba wanda ya neme ta. Kafin a kashe ta a yi svnadmin dump, wato a fitar da duk tarihin zuwa fayil ɗaya, a gwada loda shi a wata kwamfutar a tabbata yana buɗewa, a yi kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan Oga. Kada a jira bazara, faifan da ya tsufa ba ya son zafin Afrilu a ɗakin da fanka ke tsayawa. A rubuta a shafin ƙarshe na littafin inda kwafin biyu suke da wanda ke riƙe da su. Ki gaishe mini da Malam idan ya fara amsawa.

Kawunki